Baƙin Lalle: Alhakin Wa Idan Fata Ta Ƙone?

Kwana biyu ko uku kafin Sallah, gidan da aka sani da mai ƙunshi a Kano, Zariya, Maradi ko Damagaram ba ya rabuwa da cinkoso. Mata sun miƙe ƙafa a kan tabarma, 'yan mata na leƙa hotunan zane a waya suna zaɓe, ƙananan yara na ta tambayar yaushe za a zo kansu. Tambayar farko da mai ƙunshi ke yi wa kowa ita ce, "Hajiya, ja ko baƙi?" Da yawa baƙi suke cewa, kuma suna da hujja. Jan lalle sai an zauna awanni, hannu da ƙafa a ƙunshe cikin leda, ba girki ba wanki. Baƙi kuwa kafin awa guda ya kama, ya fito raɗau a kan kowace irin fata, fara ko baƙa.

Bayan mako guda ko kwana goma, sai wasu daga cikin waɗannan hannuwa su fara ƙaiƙayi. Wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tashi bororo mai ruwa, kuma abin mamaki, ciwon yana bin zanen sak: inda aka ja fulawa, fulawar ce ke tashi, inda aka ja layi, layin ne ke ɗurar ruwa. Idan ya warke, wani lokaci yakan bar tabo fari ko baƙi mai siffar zanen har tsawon watanni, wasu kuma fatarsu ta yi tudun da ba ya komawa. A nan ne ake jin maganganun da kowa ya saba ji: "Jikinta ne ba ya so." "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." "Baki ne ya kama ta, ƙunshin ya yi kyau da yawa." Mai ƙunshi kuma ta rantse, da gaskiyarta, cewa haɗin da ta yi wa kowa shi ta yi wa wannan.

Tambayar da ta rage a ƙasa ta addini ce, ta hankali ce kuma: idan ado halal ya cutar da mutum ta hannun wanda bai nufi cuta ba, alhakin yana wuyan wa? Ko kuwa ba ya wuyan kowa, ƙaddara ce kawai?

Abin da ke cikin kwanon

Lalle na asali ganyen wata 'yar bishiya ce da ke son zafi da ƙarancin ruwa, shi ya sa take yin kyau daga ƙasar Hausa har Sudan, Masar, Yaman da Indiya. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna loson, wanda ke manne wa saman fata da farce da gashi ya rina su. Rininsa a hankali yake tafiya. Idan aka cire ƙunshi, launin yakan fara da ruwan goro, sannan cikin kwana biyu ya nuna ya koma ja mai duhu. Iyakarsa ke nan. Duk yadda aka kwaɓa shi da lemun tsami, sukari ko mahallabiya, ganyen lalle ba ya ba da baƙi wuluk cikin rabin awa.

Matsayinsa a Musulunci sananne ne. An ruwaito daga Salma, mai yi wa Annabi (SAW) hidima, cewa yakan sa a ɗora lalle a kan rauni ko sukar ƙaya. An ruwaito cewa lalle da wani tsiro mai suna katam su ne mafi kyawun abin canza furfura, kuma Sayyidina Abubakar da su yake rini. Ranar da aka buɗe Makka, da aka kawo Abu Ƙuhafa kansa da gemunsa fari fat, an yi umarni a canza masa furfurar amma a nisanci baƙi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a zaure tun ƙarnoni, ta bi wannan hanya: rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da ya kai haram ba, lalle da katam kuwa babu laifi. Malamai sun kuma bayyana cewa launin lalle ba ya hana alwala, domin ba shi da jikin da zai tare ruwa. Daga nan lalle ya samu gindin zama a al'ada, har ya zama wani rukuni na biki: ana sa amarya a lalle, ana sa ango a lalle, tsofaffi na tuna zamanin zunguru da ake zura hannu a ciki a kwana.

Son baƙin ado ma ba yau ya fara ba. Wani Bature mai suna Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga mata suna shafa shuni a gashi da gira da hannuwa da ƙafafu. Matan karkara sun daɗe suna zana fuska da ruwan katambiri. Abin da ya canza shi ne inda baƙin yake fitowa.

Baƙin lallen yau, a mafi yawan lokuta, rinin gashi ne, wanda mata ke kira dayis. Wani a gauraya shi da garin lalle, wani kuma ko ƙwayar lalle babu a ciki. Ƙarfinsa yana fitowa daga wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da PPD. Masana'antun Turai ne suka fara amfani da shi a ƙarshen ƙarni na 19 don rina gashi da fatun dabbobi, kuma har yau ana aiki da shi da danginsa a masana'antar roba da ta yadi. A rinin gashi an yarda da shi, amma da iyaka. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, kuma ta wajabta a rubuta a jikin kwali cewa ba don 'yan ƙasa da shekara 16 aka yi shi ba, sannan wanda ya taɓa yin zanen baƙin lalle yana iya fin kowa haɗarin kamuwa. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ba ta yarda a ɗora shi kai tsaye a kan fata ba. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da za a fi jan hankali a kansa a shekarar.

To, nawa ne a cikin kwanon mai ƙunshi? A 2010 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda aka karɓo samfurin lalle daga shagunan kwalliya aka auna. Duk baƙin lallen da aka gwada yana ɗauke da PPD, wani kaɗan, wani kuwa har kashi 29.5 cikin 100. Wato kusan ninki goma sha biyar na abin da Turai ta yarda a sa a gashi, ga shi an ɗora shi a kan tsurar fata an bar shi ya bushe.

Yadda cutar ke shiga ya cancanci a fahimce shi, domin a kansa hukuncin ya dogara. Sinadarin yana ratsa fata, garkuwar jiki ta gane shi a matsayin maƙiyi, ta kuma riƙe shi. A karo na farko martanin kan jinkirta kwana huɗu zuwa mako biyu, wani lokaci ma ba a ganin komai. A karo na gaba yakan zo cikin kwana ɗaya zuwa uku, ya fi na farko zafi. Kuma da zarar jiki ya riƙe, ya riƙe ke nan har abada. Wadda ta kamu tana iya samun matsala da rinin gashi, da wasu rinin tufafi masu duhu, da wasu magungunan kashe zafi da ake shafawa. Akwai wata mata 'yar Ingila da aka yi wa zanen baƙin lalle a Dubai a 2007. Daga nan jikinta ya riƙa tashi duk lokacin da ta yi rinin gashi, har a 2011 ta faɗi sumammiya bayan wani rini, ba ta farfaɗo ba har ta rasu a 2012. Binciken kotu kan mutuwarta a 2015 ya danganta tsanantar ciwon da wancan zane.

Mafi muni shi ne idan sinadarin ya shiga ciki. A Sudan, inda dilka da halawa da salon ƙunshi da yawa suka biyo hanya suka iso mana, likitocin Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar haɗin lalle da wannan rini. Dukkansu sun zo fuska da wuya a kumbure. An huda wa 15 maƙogwaro don su samu numfashi, biyar ƙodarsu ta tsaya, 13 kuma suka rasu cikin awa 24 da kawo su. Har yau wannan guba ba ta da makari. Abin da likita ke iyawa shi ne ya buɗe hanyar numfashi, ya tallafi ƙoda, ya jira.

"Wallahi ban sani ba"

Galibin masu ƙunshi mata ne masu neman halal. Da wannan sana'a wata ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta, wata ke haɗa kayan ɗakinta. Ta koya a hannun yayarta ko maƙwabciya, ta sayi kayan haɗi a kasuwa a ƙulle cikin leda ba suna ba rubutu. Idan ta ce ba ta sani ba, ba ƙarya ta yi ba. Amma fiƙihu ya raba abubuwa biyu da mutane kan haɗa: zunubi tsakanin bawa da Ubangijinsa, da haƙƙi tsakanin mutum da mutum. Kuskure da mantuwa suna ɗauke zunubi. Ba sa ɗauke biyan ɓarna. Wanda ya juya cikin barci ya fasa tulun wani bai yi saɓo ba, amma zai biya tulun. Idan dukiya tana da wannan kariya, fatar ɗan Adam ta fi cancanta.

Malaman Malikiyya sun yi bayani dalla-dalla kan masu sana'ar da ke taɓa jikin mutane, irin su likita da wanzami da mai kaciya. Wanda ya san aikinsa, ya yi shi yadda masana ke yi, sannan wani abu ya faru, babu biya a kansa. Wanda ya sani amma hannunsa ya kuskure, akwai diyya. Wanda kuwa ya shiga aikin ba da ilimi ba, ya sa mutane suka miƙa masa jikinsu bisa zaton ya iya, shi ne ya fi kowa ɗaukar nauyi. Tushen wannan hadisi ne da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi zai ɗauki abin da ya biyo baya. Mai ƙunshi ba likita ba ce, amma dalilin hukuncin ya same ta: tana ɗora abu mai ratsa fata a jikin wadda ta amince da ita.

Akwai kuma wani mataki kafin wannan. Ahalari, littafin da yaro ke fara fiƙihu da shi, ya koyar tun a shafukan farko cewa bai halatta baligi ya aikata abu ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, kuma ya tambayi masana. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba ciniki a kasuwar Musulmi. Sanin hukuncin abu ba ya yiwuwa sai an san mene ne abin. Malami ba zai iya cewa halal ko haram a kan garin da ba a san asalinsa ba, mai ƙunshi ma ba za ta iya cewa ta sauke amana ba alhali ba ta san abin da ta kwaɓa ba. Saboda haka rashin sani uzuri ne na ɗan lokaci. Ranar da mace ta farko ta dawo mata da hannu a kumbure, ranar uzurin ya ƙare, tambaya ta zama wajibi.

"Ƙaddara ce"

Ba musu, ƙaddara ce. Babu abin da ke faruwa a wajen ilimin Allah da ikonsa, kuma imani da haka ginshiƙi ne. Inda ake samun tangarɗa shi ne a mayar da kalmar ta zama murfin da ake rufe bincike da shi.

Sahabbai sun fuskanci irin wannan tambaya a lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa wani wuri mai suna Sarg aka shaida masa cewa annoba ta ɓarke a gaba. Bayan shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma kawo misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo da ƙaddara ya kai su, amma zaɓin nasa ne. Mai ƙunshin da ta ajiye dayis ta koma ganye ba ta fita daga ƙaddara ba, gefen ciyawa ta zaɓa.

Ahlus-Sunna sun daɗe da tsayar da ƙa'ida a nan: ana kafa hujja da ƙaddara wajen haƙuri da musiba, ba a kafa ta wajen wanke laifi. Yarinyar da hannunta ya ƙone, idan ta ce Allah ne ya ƙaddara, ta faɗi abin da zai sanyaya mata zuciya kuma za ta samu lada. Wanda ya sayar da garin, ko wadda ta shafa shi bayan ta ga ya taɓa ƙona wata, idan suka faɗi wannan kalma don a bar maganar, sun ɗauki maganin mai ciwo sun mayar da shi garkuwar mai laifi. Haka ma batun baki. Kambun baka gaskiya ne a addini, amma ciwon da ke bin layin zane daidai, yana tsayawa inda rini ya tsaya, ya riga ya nuna sababinsa.

"Ai ita ta ce baƙi take so"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu sana'a, kuma akwai gaskiya a cikinta. Mace baliga mai hankali ta zo da kuɗinta ta zaɓi abin da take so. Idan wannan ta ƙi yi mata, ta gaba za ta yi.

Sai dai yarda ba ta cika sai da sani. Wadda ta ce "baƙi" launi ta zaɓa. Ba ta zaɓi rinin gashi mai ƙarfi a kan fatarta ba, ba ta kuma zaɓi ta rayu da jikin da ba zai sake jure rini ba, domin ba wanda ya gaya mata. Hadisin mai sayar da hatsi ya dace da nan: Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta mai algus daga al'ummarsa. Sayar da dayis a matsayin lalle ɓoye jiƙaƙƙen ne a ƙasa.

Ko da an gaya mata ta yarda, magana ba ta ƙare ba. A mahangar Musulunci jiki amana ne, mutum mai riƙo ne ba mai mallaka ba, kuma hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya hana cutarwa ta kowace fuska, ga kai ko ga wani. Daga shi malamai suka ciro ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu biyar, wadda ke cewa cuta kawar da ita ake yi.

Yara kuwa ba su da yardar da za a kafa hujja da ita. 'Yar shekara huɗu da aka zana wa baƙi ranar jajibiri ba ta zaɓi komai ba. Uwa ce ta zaɓa mata, cikin so da ƙauna, amma waliyyi ba ya da ikon yi wa yaro abin da ba maslaharsa ba. Murnar kwana uku ba ta kai a saka yarinya cikin haɗarin da zai bi ta har tsufa ba.

Hujjar da ba a raina ta

Mai tunani zai iya cewa: mata dubbai suna yin baƙin lalle ba abin da ke samunsu. Gyaɗa na tayar wa wasu da ciwo, kifi ma haka, ba wanda ya haramta su. Malamai da kansu sun ce abin da ba safai yake faruwa ba, ba a gina hukunci a kansa. Me ya sa za a ware wannan?

Hujjar tana ƙara nauyi idan aka tuna cewa jan lalle na asali ma yana da waɗanda yake cutarwa. Akwai wani rashi na gado a cikin jini da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wanda ya fi bayyana ga maza, kuma Afirka ta Yamma na cikin yankunan da ya fi yawa a duniya. Mai shi yana rayuwa lafiya lau, sai ya haɗu da wasu abubuwa da ke farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jarirai na cikinsu, sinadarin loson ma haka. A 1996 likitoci a Kuwait suka ba da rahoton jarirai maza 15 da aka kwantar cikin shekara goma da wannan matsala bayan an shafe musu jiki da lalle. Wato abin da sunna ta yaba ma yana iya zama haɗari ga jariri.

Wannan bai rushe matsayin lalle ba, ya dai nuna yadda shari'a ke auna abubuwa. Zuma waraka ce, amma likitoci na hana ba wa jaririn da bai kai shekara ba, kuma ba wanda ya ce sun saɓa wa nassi. Halaccin abu a asali ba ya nufin ya dace da kowane jiki a kowane hali. Ana duba yawan cutar, da girmanta, da buƙatar da ke akwai, da ko akwai madadi.

Idan aka ɗora baƙin lalle a wannan ma'auni, bambancinsa da gyaɗa ya fito. Gyaɗa abinci ce da mutane ke rayuwa da ita. Baƙin zane ƙawa ce da ake iya samu ta wata hanya. Mai cin gyaɗa ya san abin da yake ci. Mai baƙin lalle galibi ba ta sani ba. Sannan PPD yana cikin sinadaran da suka fi ƙarfin koya wa jiki ƙin su: yawansa da maimaita shi su ne ke haifar da ciwon ga wadda a da lafiyarta ƙalau. Maganar "jikinta ne ba ya so" ta juyar da al'amarin, domin rinin ne ya mayar da jikin haka. Game da yawa kuma, wani nazari da wani likitan fata ɗan ƙasar Holan ya wallafa a 2013, bayan ya tattara rahotannin da aka buga, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 2.5 cikin 100 na masu yin zanen ke kamuwa. Mutum ɗaya cikin arba'in ke nan. Mai ƙunshin da ke da kasuwa tana iya zana wa mata arba'in a Sallah guda.

Yanke hukuncin haram ko makaruhi aikin majalisar malamai ne tare da likitoci. Amma abubuwa biyu ba sa jiran fatawa, domin ƙa'idojinsu a bayyane suke: sayar da shi ko shafa shi ba tare da bayani ba algus ne, ɗora shi a fatar yaro kuma sakaci ne da amana.

Nauyin bai tsaya kan mace ɗaya ba

Zalunci ne a tattara laifin duka a ɗora wa mai ƙunshi, alhali ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ita ce ta fi kowa taɓa sinadarin, yatsunta a ciki kullum. Kafin ita akwai wanda ya shigo da kayan, da dillalin da ya farke kwali ya ƙulla a leda ya jefar da takardar gargaɗi, da mai shagon da ke cewa "wannan ya fi kamawa."

Musulmin farko sun san cewa kasuwa ba ta gyaruwa da wa'azi kaɗai, shi ya sa suka kafa hisba, wadda babban aikinta shi ne duba mudu da sikeli da ingancin kaya. Shaizari, wani malamin Sham na ƙarni na 12, ya rubuta littafi don jagorantar mai wannan aiki, ya bi sana'o'i ɗaya bayan ɗaya yana tona dabarun algus na kowace. Da ya zo kan marina, ya yi ƙorafin cewa da yawansu suna rina alharini da lalle a maimakon jan rini na gaskiya, kayan ya fito da sheƙi, rana na dukansa ya koɗe. A zamaninsa lalle ake sakawa a madadin rini, a cuci aljihun mai saye. Yau rini ake sakawa a madadin lalle, abin da ake cuta kuwa fata ce da jini. Hukumar NAFDAC, wadda kayan kwalliya ke ƙarƙashin kulawarta a Najeriya, da hukumomin Hisba na jihohi, da shugabannin kasuwa, duk suna da hurumi a nan. Haka limamai da malaman Islamiyya, waɗanda mata ke tambaya kullum ko ƙunshi na hana alwala. Amsar za ta fi cika idan aka haɗa da tambayar me aka kwaɓa.

A aikace, abin da ake buƙata ba shi da tsada. Lallen gaskiya gari ne kore ko mai ruwan ƙasa, yana ƙanshin ganye, yana buƙatar awanni, kuma yana farawa da ruwan goro. Duk haɗin da ya ba da baƙi cikin awa guda, a ɗauka akwai rini a ciki. Kada a zuba wa lalle kananzir ko fetur don ya kama, domin su ma suna ƙona fata. Kada a sa wa jariri lalle ko wane iri ne, kuma yaron da aka san yana da ƙarancin G6PD a nisanta shi da lalle. Idan aka ga idon yaro ya yi shawara, jikinsa ya ɗashe, ko fitsarinsa ya yi duhu bayan an sa masa, asibiti za a nufa nan take. Mai amfani da dayis a gashi ta sa safar hannu, ta yi gwajin awa 48 da kamfanoni ke umartawa, kada ta kai shi gira ko gashin ido. Ta sani kuma cewa ɗan gwaji a hannu kafin baƙin ƙunshi ba kariya ba ne, tunda martanin farko kan ɗauki har mako biyu. Garin dayis da ruwan haɗinsa a kulle su inda yaro ba ya kaiwa, ba a cikin kofi ko robar lemo ba.

Wadda ƙunshi ya riga ya tashi a jikinta ta wanke wurin, ta guji sosawa da shafe-shafen gida, ta ga likita. Idan fuska ko leɓe ko harshe ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne, ba a jira gari ya waye. Bayan ta warke, ta gaya wa duk mai gyara mata gashi da duk likitan da zai rubuta mata magani cewa jikinta ya taɓa tashi da baƙin lalle. Ta kuma koma wurin wadda ta yi mata ƙunshin ta nuna mata hannun, ba da faɗa ba, domin sau da yawa mai ƙunshi ba ta ganin abin da ya biyo bayan aikinta, kuma akwai wasu mata da yaran da za su zauna a gabanta a biki na gaba.